Yarinyar da ke Neman Sakata

A wani shagon kayan gini a ƙasar Sin nake kallonta, sanye da kayan makaranta da suka yi mata yawa, katin ɗaliban musaya na lilo a wuyanta. Ba za ta wuce shekara sha shida ba. Yatsunta duk tawada, irin ta mai yini tana kwafar haruffan Sinanci. Tana ta nanata wa mai shago wata kalma, muryarta na hawa inda ya kamata ta sauka, shi kuwa kwaɗo kawai yake miƙo mata.

Da ta ji ina amsa waya da Hausa, sai ta juyo kamar an kira sunanta.

"Anti, don Allah yaya ake cewa sakata da Sinanci? Wadda ake turawa daga ciki."

Na faɗa mata, sannan na ce, "Ɗakin naki ba makulli ne?"

"Akwai. Yana hannun baban gidan da aka sauke ni."

Ina jin irin yarinyar nan ce da iyaye ke nuna wa maƙwabta hotonta, wadda kullum amsarta a waya "lafiya lau".

Ta biya, ta tura sakatar can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙamus. A waje wani mai furfura yana ƙwanƙwasa gilashin shagon da makullin mota, yana murmushi. Ta ce da ni, "Baban gidan ne." Ta fita, ta rusuna ta gaishe shi. Ya karɓi jakar, ya ɗan jinjina nauyinta a hannu, sannan ya fara zuge ta.