Fuskar da Baffa Ya Zana

Ina shekara tara na fara jin an ce "Mai Fensir". Innarmu ce ta faɗa tana wanke-wanke, ashe ƙanin mahaifina take nufi, wanda mu muke kira Baffa. Sai da na girma na san asalin laƙabin.

Mahaifina wani direban tifa ne ya take shi har lahira a bakin garejinsu, ya leƙo ta taga, ya ƙara wuta. Baffa yana wurin, ya ga fuskar, mai tsagaggen kunne da gibi a haƙoran sama. Aka yi cigiya har aka gaji. Kowa ya bar wa Allah, ban da shi. Ya ajiye aikin walda ya nemi aikin ɗan sanda, don kaki ne kaɗai ke tsayar da kowace mota a leƙa cikinta.

A wajen tantancewa, gudu ya ci, awon tsawo ya wuce, rubutu ba a magana. Saura ɗakin ƙarshe, inda wata likitar halayyar ɗan Adam ke auna hankalin masu neman aikin. Ya ce mace ce mai sanyin murya, da kwalin fensir a gabanta. Ta miƙa masa farar takarda ta ce ya zana mutum, kowane irin mutum. Wasu da'ira suke yi da sanduna huɗu su fito. Baffa ya shafe rabin awa, har fensir ya huda takardar a wajen kunne.

Ta duba ta ce, "Malam, wannan ai ka san shi. In ka tsayar da shi a hanya, ofis za ka kai shi?"

Ya ce, "Abin da ya rage na jikinsa zan kai."

Ba a ɗauke shi ba. Shekara ta zagayo ya koma, ya rantse itace zai zana in ta kama, amma hannu ya ƙi, fuskar direban ya sake zanawa. Abokansa suka dinga tsokanarsa, wai fensir ne ya kai shi ƙara. Yanzu shekarunsa sun wuce na ɗauka, yana waldarsa a bakin titi, kujerarsa na kallon motoci.

Ranar da na karɓo sakamakon sakandare ya kira ni shago, ya kashe injin.

"'Yar yayana, fuskarki ba ta tona ki. Ki nemi aikin ɗan sandan nan. In likitar ta ba ki takarda, ki zana mata jariri yana dariya."