Jarkokin Zamzam a Bakin Kwari

Sultana, unguwarmu a Madina. Mun tashi bayan sallar asuba, ni da Umma da Yaya Hamza, wanda ya sayo kwale-kwalen roba a Yanbu, garin bakin teku, ya ajiye shekara guda yana jiran Madina ta yi kogi. Daren jiya ruwa ya sauka a duwatsun hanyar Badr, Yaya ya ce ranarsa ta zo. Bai iya iyo ba. Rigar ceto kuwa ya ce ta matsorata ce. Jarkoki biyu fanko zai ɗaura a ƙirji, su ɗaga shi in ya kife.

Shingen hanya. Ɗan sanda ya leƙa bayan mota, ya ga filafili, ya dubi hamada hagu da dama. "Allah ya ba da sa'a, ya kaftin," ya ce. Yaya ya ɗauka yabo ne.

Kwarin. Da hantsi muka isa. Na taho da mafarkin ruwa mai launin sama. Na tarar da ruwa kamar shayi da madara, yana ruri tsakanin duwatsu, ɗauke da ƙayoyi da ƙofar firji. Iyalai sun shimfiɗa dardumai a tudu suna kallo, yadda muke yi duk sanda ambaliya ta zo.

Yaya ya ɗaga jarka, nauyinta ya rinjayi hannunsa.

"Umma, wa ya cika su?"

"Ni. Zamzam ce. Zan bar ɗana ya shiga wannan ruwa da iska kawai?"

"To ai nutsar da ni za su yi."

"Yalla, maza zubar a ƙasa in gani."

Bai iya ba. Wa zai iya? Sai muka hau sha. Umma ta ce a fuskanci alƙibla, a yi bismilla, a numfasa sau uku, kada a yi gaggawa. Ta aike ni da kofi ɗaya tak in zaga dardumai, kowace uwa da doguwar addu'arta.

Kafin jarka ta biyu ta ƙare, rurin ya koma raɗa. Ruwan kwari baƙo ne, ba ya jiran azahar. Kaftin ya shiga da jarkokinsa, ruwa iya idon sawu, kwale-kwale ya zauna daram a laka.

Gida. Mun iso da la'asar. Godiya ga Allah da ya maido mu cikakku. Umma ta wanke jarkokin, ta sake cika su, ta ajiye kusa da kwale-kwalen.