Albarkar da Gwaggo Ta Riƙe Wata Uku

Mun tashi da asuba daga tasha, bas ta cika maƙil, amma ban san kowa a ciki ba. Kuɗin mota zuwa Ɗambatta ya sake hawa, ƙosan bakin tasha kuwa sai ƙanƙancewa yake yi kamar ƙwallon goriba. Na bar wa wata ɗaliba kujerar taga, ta ce min "tankiyu" idonta na kan waya. Ban ji haushi ba, don ni ma laifin da ya fito da ni ke nan.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Da matata ta haihu, ta baro ƙauye ta yi mana kwana arba'in tana dafa ruwan jego. Bayan ta koma, maimakon in taka in je bangajiya kamar yadda iyayenmu suke yi, sai na ɗauki muryata na tura wayar maƙwabciyarta. Wata uku ban ji ɗuriyarta ba. Tsoro ya kama ni, kada zumuncin ya yanke a hannuna.

Daga Ɗambatta na hau acaɓa. Gona na bin gona, an yanke gero, dawa ta sunkuya, amma garin tsit, samari duk sun tafi birni. Na same ta a tsakar gida ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, an gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Ta ce, "Ai saƙonka ya iso, ɗan nan. Sau uku aka kunna min. Na yi ta sa maka albarka, abin ya yi shiru, babu mai cewa amin. Sai na bari sai ka zo."

Ashe ba fushi ta yi ba. Nan ta soma sa albarka, daga ni har jaririn, ina amsawa da amin ɗaya bayan ɗaya. Ta dama min fura, ta rako ni har bakin hanya.

Na iso gida da magariba. Yanzu na gane godiyar mutanenmu ta mutum biyu ce, ɗaya ya yi, ɗaya ya amsa. Ni na yi tawa na juya baya, na bar tsohuwa tana magana ita kaɗai.