Hannun Hagun Inna Balki

Duk mai bi ta ƙofar makarantar Tauraron Gobe a Ikara da safe ya san Inna Balki mai awara. Bilkisu ne sunanta, amma rabon da a kira ta da shi tun tana yarinya a Gubuchi. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya. In ka lura sanda take miƙo maka awara, za ka ga ƙaramin yatsanta na hagu a lanƙwashe yake kamar ƙugiya.

Bahaguwa aka haife ta. Gwaggon da ta riƙe ta ta rantse ba za a ce a gidanta aka yi yarinyar da ke tuƙa tuwo da hagu ba. In ta ɗauki muciya da hagu, da muciyar ake buge hannun. Da hakan bai isa ba, sai aka koma ɗaure mata shi a baya da igiyar rama. Ranar da yatsan ya karye aka ce ƙashin yaro ne, zai haɗe. Ya haɗe ɗin, a karkace. Ta koyi ci da dama, miƙawa da dama, karɓa da dama. Amma a madafa, in ba idon kowa, hagun ne ke aiki.

Aure ya kawo ta Ikara. Mijinta manomin tumatir ne, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Yahuza, wanda yanzu ke gyaran waya a bakin tasha. Da Malam Zulkifilu ya mayar da gidan mahaifinsa makarantar kuɗi, mai ajin nazire da firamare, sai Inna ta kafa kaskonta a gindin dalbejiyar ƙofar. Yara da yawa sun girma a gabanta. Ta san mai son yaji, ta san mai kuka in uwarsa ta juya baya.

Sai ga Lubna, 'yar Yahuza. Tun tana rarrafe Inna ta ga da wane hannu take kai wa abu cafka. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma in ta goya ta takan kama wannan ɗan hannun ta sumbace shi.

Shekarar Lubna huɗu aka sa ta a Tauraron Gobe. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, ana tashi take rugowa gindin dalbejiya ta rera wa Inna duk waƙar da aka koya musu. Tafiya ta yi tafiya, waƙa ta ɗauke. Sai ta zo ta zauna shiru, hannun hagu cuse a hammata. A ba ta awara ta girgiza kai. Wata yamma Inna na yi mata wanka, ta ga shatin wani abu ya zagaye wuyan hannun, fatar ta yi baƙi, wani wurin ya saɓule.

"Uwata, wa ya yi miki wannan?"

Lubna ta kalli bokiti kawai.

Washegari Inna ta zuba awara a leda kamar za ta kai wa malamar ajin, ta leƙa ta taga. Ga Lubna a 'yar kujerarta, fensir a hannun dama. Hannun hagun an ɗaure shi da ƙafar kujera da baƙar robar nan da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya. Inna ta ji yatsanta ya ɗauki zogi, yatsan da ya daina ciwo tun kafin a haifi Yahuza.

Malamar, wata matashiya da yara ke kira Anti Farida, ta fito da sauri.

"Inna, wallahi ba ni ba ce. Oga ne da kansa yake zuwa ya ɗaure kowace safiya. In na kwance ya gani, aikina ne."

Inna ta shiga ta kwance robar, ta naɗe ta a ƙugunta ƙarƙashin zani. Daga nan ofishin Malam Zulkifilu ta nufa. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi abin da ta gani. Malam Zulkifilu ya jingina da kujera yana dariya.

"Haba Inna! Ke ma ai an ce gyara ki aka yi, ga ki nan garau. Uban yarinyar ne ya ce a gyara mata hannu. Ke dai ki ji da kaskonki, ki bar mana tarbiyya."

Da yamma ta tare Yahuza. Ya sosa ƙeya ya ce gaskiya shi ya faɗa, amma bai ce a ɗaure ba.

"Inna, don Allah ki bari. Saura kaɗan a yi hutu. Kada ki ja mana magana a gari."

Ta ɗaga masa yatsan. "Tun kana shan nono kake ganin wannan. Ka taɓa tambayata me ya same shi?"

Daga ranar ta hana Lubna shiga aji, ta ce zazzaɓi take yi. Ita kuwa ba ta fasa fitowa ba. In Malam Zulkifilu ya iso a babur ɗinsa, ita ke fara gaishe shi, har da ƙarin awara kyauta. Ya ɗauka magana ta wuce. Da bikin yaye ɗalibai ya matso, ya aiko mata da shinkafa da mai ta dafa abincin biki kamar kowace shekara, ta karɓa da hannu biyu.

Abin da bai sani ba, Inna ta san hannun kowane yaro a makarantar, don ba wanda bai taɓa miƙo mata shi ba. Ta san akwai wani yaro Muhsin da shi ma da hagu yake karɓa a da, yanzu kuma ya koma ɓoye hannu. Ta tsayar da uwarsa wata safiya.

"'Yar nan, ranar yaye ki zo da wuri, ki zauna a gaba."

"Lafiya, Inna?"

"Ke dai ki zauna a gaba."

Ranar biki aka kafa kanofi, aka jera kujerun roba, lasifika na ta ƙara. Iyaye suka zo har daga Saulawa, wasu don su ga ko za su kawo nasu 'ya'yan. Aka sa wa yara riguna masu faɗi da hulunan kwali suna ta tuntuɓe da su. Yahuza ya matsa sai Lubna ta zo, ta zo ɗin, tana maƙale da zanin Inna. Malam Zulkifilu ya karɓi makirfo ya ce a Tauraron Gobe kamar ƙwai ake riƙe yaro. Aka yi tafi.

Lokacin abinci ya yi. Inna ta ɗauko farantin mai unguwa, ta durƙusa ta ajiye da dama. Na liman ma haka. Sannan ta ɗauko na uku, a rufe. Ba ta durƙusa ba. Ta mayar da hannun dama baya, ta ɗaga farantin sama da hagu yadda na ƙarshen layi ma zai gani, ta miƙa wa Malam Zulkifilu.



"Inna, wane irin wulaƙanci ne wannan?" ya ce a hankali, ya manta makirfo na gabansa.

"Karɓi, Malam. Da shi na dafa. Na bara ma da shi na dafa, da na bara waccan. Duk kun ci, ban ji wanda ya mutu ba. Buɗe mana."

Bai buɗe ba, sai ta buɗe masa. Baƙar robar ce nannaɗe a kan shinkafa.

"Taka ce, ka manta ta a hannun jikata."

Ta janyo Lubna ta naɗe mata hannun riga. Yarinyar ta ga idanu sun yi mata caa, ta fashe da wani irin kuka tana ƙoƙarin ƙwace hannun. Wannan kukan ya soki Inna, amma ba ta saki ba sai da mai unguwa ya gani, liman ya gani. Kafin a ce wani abu, uwar Muhsin ta finciko ɗanta ta yaye masa riga, ta saki salati. Nan mata suka tashi kowacce na duba hannun ɗanta. Wani dattijo yana cewa ai daman hagu ba ta da kyau, tsohuwar nan ta wuce gona da iri. Liman ya juyo ya ce masa koya wa yaro ci da dama daban, ɗaure shi kamar akuya daban. Malam Zulkifilu na ta cewa a saurare shi, ba mai saurare. Shinkafa ta huce a kula.

Kashegari ya aiko a ce ta kwashe kaskonta daga ƙofarsa. Ta kwashe, ta tsallaka titi ta kafa shi daidai inda tagar ofishinsa ke kallo. Wurin ba inuwa. Da aka dawo hutu, iyaye da yawa ba su dawo da 'ya'yansu ba, Anti Farida ma ta koma wata makaranta a Makarfi. Yahuza ya daɗe gaisuwa kawai ke haɗa shi da uwarsa. Mutane suka yi ta ba ta baki, wai ya isa haka, ta yafe. Ta ce ranar da aka sa wa ƙofar nan kwaɗo, a zo a sake yi mata maganar.

Lubna na zama kusa da ita a kan buhu, har yanzu maganarta ba ta dawo kamar da ba. Inna ba ta taɓa ce mata ta fito da hannun ba. Takan ajiye mata gawayi a gefen hagu ne kawai, ta ci gaba da suya.

Wata safiya Malam Zulkifilu ya iso a babur, kansa a ƙasa. Inna ta ɗaga hannun hagu sama, yatsan nan a lanƙwashe.

"Malam, ina kwana? Ya ɗalibai?"

Ya shige abinsa. Lubna ta kalli ƙofar, ta kalli hannun Inna da ke sama har yanzu. Can sai ta zaro nata daga hammata, ta ɗauki gawayin ta fara zana wani abu mai kama da kaza a jikin dutse. Inna ta gani ta wutsiyar ido. Sai ta ɗauki matsami da hagu ta juya awara, a gaban kowa.