Salansar Motar Hajji

Tun ranar da muka sauka a Alƙahira, abin da nake tsoro shi ne titi. Ƙaramar bas ɗin haya da suke kira mikrobas ba ta jiran kowa ya gama tsallakawa. Idan zan je cefane, goya 'yata nake yi duk nauyinta, matan unguwa suna bi na da kallo. 'Yar farina ce, lokacin ba ta daɗe da iya gudu ba.

Mai gidan da muke haya a Hadayek el-Maadi tsoho ne, Hajji muke ce masa. A ƙasan bene yana da wata mota da ya gada wurin babansa, kullum a lulluɓe da tamfol, sai ranar Juma'a da safe yake yaye ta. Koriya ce shar, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare, hancinta ya fi wurin zaman tsawo. Kujera biyu tak, babu rufi, tayoyin da wayoyi irin na keke.

Maigidana, wanda karatun fiƙihu ya kawo shi, sai ya koma malamin mota. A kan abinci yake mini darasi. Wai a Ingila aka ƙera ta bayan yaƙin duniya, lokacin da Turawan suke neman abin da za su sayar wa ƙasashen waje. Wai katakon gabanta na gaske ne. Wai kafireta biyu gare ta, kuma da kunne Hajji yake daidaita su, ya kara 'yar roba yana saurare kamar likita. Ban ƙi ba, idan ta tashi har cikin ƙirji ake jin rurinta, ni ma nakan leƙa ta taga. Amma ni abin da na gani daban ne: babu bel, ƙofar iyakarta gwiwa, kuma sitiyarin a dama yake, wato wanda aka ɗauka shi ne a ɓangaren motocin da ke tahowa.

Sai yayan maigidana ya zo ganin likitan ido, ya sauka wurinmu. Ranar Juma'a duk muka sauko kallon mota. Hajji ya buga kujera ya ce wa maigidana, "Yalla, ya Shaikh!"

Yaya ya ce, "Ɗauki uwata mana, ita ma ta sha iska." Haka suke kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata.

Ni a gidanmu aka koya mini kunyar ɗan fari. Ko sunanta ba na kamawa, balle in fizge ta a gaban yayan miji. Sai na yi irin maganar da kowane babba a garinmu ya san ma'anarta. Na ce, "Yaya, rana fa ta yi zafi."

Ya yi dariya. "Amarya, ranar Masar ta fi ta Gusau ne?"

Na ce, "Ba ta sa takalmi ba."

Maigidana ya ce, "To da ƙafa za ta je?"

Sun gane. Wallahi sun gane, su biyun. A gida ɗaya irin namu aka haife su.

Maigidana ya ɗora ta a cinya, Hajji ya ja motar, suka nufi bakin Nilu. Ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na iya har suka dawo. Lafiya lau suka dawo, tana ta dariya. Ya ɗaga ta ta saman ƙofa ya dire ta a ƙasa, ya juya yana miƙa wa Yaya waya ya ɗauke shi hoto. Ashe salansar motar ta ƙarƙashin wannan ƙofar ta bi. Duk darasin da aka yi mini, ba a taɓa zuwa kan salansa ba. Yarinyar ta jingina, sha-raɓarta ta manne da ƙarfen.

Ban san lokacin da na sure ta ba. Na kai ƙafar bakin famfon get, na sakar mata ruwa, fatar ta tashi fari. Hajji yana ta ba da haƙuri, "ma'alish, ma'alish", ya ruga kantin magani da kansa. Shi ban riƙe shi ba, bai san maganarmu ba. Matarsa kuwa daga baranda take yi mini ihu, wai wace irin uwa ce wannan, ta tsaya aka ɗauki 'yarta, yanzu ma ko hawaye babu. Na ci gaba da sakar wa ƙafar ruwa.

Sai Yaya ya matso, ya dubi ƙafar, ya ce, "Ai da kin faɗa."

Da na faɗa! Da na buɗe baki na ce ba za ta je ba, kafin magariba labari ya isa gida cewa Masar ta cire mini kunya. Ku kuka ce in yi shiru, na yi maganar da aka yarda in yi, kuka mayar da ita wasa, sannan laifin ya dawo kaina.

Ƙunar ta warke, tabon yana nan kamar tafin hannunta. Hoton kuma har yau yana cikin wayar maigidana.

Don Allah, idan za ku ɗauki yaro zuwa wani wuri, ku ja uwarsa gefe, inda babu surukai, ku tambaye ta. In ta ce rana ta yi zafi, ku ajiye mata ɗanta.