Ranar da Na Tace Ruwan Jikata

Har in koma ga Mahaliccina ba za ni manta da ranar da na kusa ɓata wa jikata karatunta ba. Shekarar fari ce, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Rijiya guda ta rage muna a Gatawa, kowane gida tulu biyu a wuni.

Jikar tawa ta zo daga jami'a da 'yan kwalabe da wata 'yar tocila. Ta ce sun ƙera wani tarko da ido ba ya gani, mai kama sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi ga jijiyoyi. In ya kama shi cikin ruwa, aka haska tocilar, sai ruwan ya yi haske kore. A ruwan ɗakin gwajinsu ya yi aiki. Saura ta ɗiga sinadarin a ruwan rijiya ta ga ko tarkon zai kama, in ba haka ba malaminta ba ya karɓar aikin. Ga shi washegari za ta koma.

Ni da kaina na ɗebo ruwan, jawur da laka. To ni tun ina amarya ban taɓa miƙa wa baƙo gurɓataccen ruwa ba. Tana sallar azahar na daka ƙwayar zogale na zuba a tulunan biyu, laka ta kwanta, na tace da ƙyalle, ya fito garai. Da ta gani sai ta zauna dirshan. Ashe da lakarsa da kanwarsa take son shi.

"Kaka, kin wanke mini jarrabawa," in ji ta.

Ban tsaya ba ta haƙuri ba, tulu na ɗauka. Mai tsaron rijiya, yaron da aka haifa a hannuna, ya ce rabonmu na yau ya ƙare. Na ce mishi ba roƙo na zo ba, ya ba ni guda cikin na gobe, ni na san yadda za ni yi da ƙishirwata. Mata suna ta ba'a, wai tsohuwa ta shiga boko. Ban motsa ba sai da ya jefa guga.

Bayan la'asar muka rufe ɗaki, ta zuba tarkon a jan ruwan, ta ɗiga sinadarin, ta haska. Ruwan nan ya yi kore, ba can sosai ba, amma na gani da idona. Nan take ta rubuta a littafinta.

Washegari da tulu guda muka wuni, mu shida, ban bari kowa ya yi gunaguni ba. Tun ran nan, in za ni taimaki mutum, sai na tambaye shi mi yake so tukuna, ko da na girme shi da shekara hamsin.