Jawabin Awaisu a Gaban Surukinsa

Ni ne magatakardan kwamitin taron masu gina shafukan intanet da ake yi a Funtuwa duk shekara. Aikina na yau da kullum akawu ne a ofishin wata makaranta, kuma ban iya gina shafi ba. Sun ɗauke ni ne saboda ba na ɓatar da takarda. Kowane mai jawabi yana da fayil a wurina, ranar taro kuma ni ke riƙe da agogo da ƙararrawa. Fayil na bakwai a taron bara na Awaisu ne, mai gyaran waya.

A Mahuta aka haifi Awaisu. Yana aji uku a sakandare mahaifinsa ya rasu, ya bar masa gona ɗaya da keke. Ya taho Funtuwa ya koyi gyaran waya a wata rumfa kusa da tasha, yanzu shekararsa talatin da huɗu, rumfar kuma ta zama tasa. Mutum ne mai baki. In ka kai masa waya, kafin ya kwance ta ka ji labari uku. Gina shafi kuwa da kansa ya koya, da irin manhajar nan da ake sakar wa kowa, wadda kake da izinin buɗe cikinta ka gyara ka ƙara, muddin ka faɗi sunan waɗanda ka ɗora a kan aikinsu.

Wata damina ya sayi irin dawa a kasuwa ya shuka a gonar gado. Ashe mai jinkiri ce. Ruwa ya ɗauke tana shirin fidda kai, ya tashi da dami huɗu a inda mahaifinsa ke samun talatin. Matarsa Murja ta dubi damman ta ce, “Da ka tambayi Baba.”

Baban nan shi ne Alhaji Maitama, mahaifinta, wanda duk Mahuta ta sani da ajiyar iri. Kalar dawa goma sha tara ke rataye a rumbunsa, kowace ya san kwanakinta da ƙasar da take so. Sai dai Awaisu ba zai iya zama ya yi masa tambaya ba. Shekara shida da aure, abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce gaisuwa ba: ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya tashi. Don haka Murja ta zama ’yar aike. Ya rubuta tambayoyi, ta kai gida ranar Juma’a, ta dawo da amsar mahaifinta a naɗe cikin waya. Da haka ya gina shafin da ya sa wa suna Rumbun Iri. Kowace dawa da hotonta, da kwanakin da take yi, da ko ta tuwo ce ko ta kunu, da ko tsuntsu na damunta.

Shafin ya yi kyau a kwamfuta, amma a ƙananan wayoyin manoma ba ya buɗewa, sai ya yi ta juyawa. Awaisu ya shekara yana fama shi kaɗai bai gano kansa ba. Shi ya sa ya nemi yin jawabi. A taronmu, rana ta biyu mun sa mata suna gayya: duk mahalarta na taruwa su yi aiki a kan shafi guda, wanda aka zaɓa da ɗaga hannu bayan an saurari masu jawabi. Su tara ne bara, kowa minti goma sha biyar. Wanda ya rasa, sai baɗi.

A fom ɗinmu akwai gurbin sunayen waɗanda ka amfana da aikinsu. Awaisu ya rubuta Murja, ya rubuta Baba. Na bi shi har rumfa.

Na ce, “Malam Awaisu, wane Baban? A layinmu kaɗai akwai Baba goma sha ɗaya.”

Ya ce, “Malam Lawal, don Allah ka bar shi haka.”

“Gurbin suna ne, ba na kara ba.”

Ya sosa ƙeya ya ce, “Surukina ne fa.”

Ban ƙara matsa masa ba, don ni ma ba na kama sunan nawa. Na tambayi direban motar Mahuta, ya faɗa mini, na cike gurbin da hannuna. To, ƙa’idar kwamiti ita ce duk wanda sunansa ya shiga gurbin nan a aika masa takardar gayyata. Na aika ashirin da uku. Ta Alhaji Maitama ma direban nan na ba. Ban kawo a raina dattijo zai baro yankan dawa ya zo taron masu kwamfuta ba, shi ya sa ban gaya wa Awaisu ba.

Sau uku Awaisu ya zo ofishina ya gwada jawabinsa ina riƙe da agogo. Na farko minti ashirin da biyu, na biyu goma sha takwas, na uku goma sha huɗu da daƙiƙa goma. Har wurin da zai dakata a yi dariya ya ware.

Ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, wani dattijo ya shigo zauren da farar riga da ƙaramin buhu a hannu, ya miƙa mini takardar da na aika. Nana Khadija, wadda ke gabatar da masu jawabi, ta tarbe shi ta zaunar da shi a tsakiyar layin gaba. Awaisu yana waje a lokacin yana maimaita jawabinsa. Na tashi in je in sanar da shi, sai mai jawabi na biyar ya fara, ni kuma ba na barin agogo.

Sha biyu da minti biyar aka kira shi. Ya haye dandamali da sassarfa, ya karɓi makirufo, ya yi sallama da muryarsa ta tasha. Ya ce, “Jama’a, wa ya taɓa shuka dawa ta ba shi kun…” Sai idonsa ya sauka a layin gaba.

Dandamalin matakala uku ne. Ga shi tsaye a saman kan surukinsa, da takalmi, yana ɗaga murya. Sai ya ajiye makirufo a ƙasa, ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

“Baba, barkanku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?”

“Lafiya lau, Awaisu. Ya Murja da yara? Ya kasuwa?”

Baƙin da suka zo daga Kaduna da Kano suka ɗauka cikin shirin ne. Can daga baya wani ya gane, ya ɗaga murya ya ce, “Wayyo, suruki ne!” Zaure ya ɗauki dariya, irin ta waɗanda su ma sun san ciwon.

Nana Khadija ta ce, “Malam Awaisu, dandamali na jiranka.”

Ya girgiza kai. A matakalar ƙasa ya zauna, ya ba surukin gefe, ya jawo makirufo. Mutumin da ake jin muryarsa daga tasha har bakin titi, sai ga shi yana magana kamar mai karanta wasiƙa a ransa. Barkwancin da ya shirya duk ya tsallake, don ba a barkwanci a gaban suruki. Minti bakwai suka wuce. Na duba zaure na ga kawuna sun fara sunkuyawa kan wayoyi. Na san gayya tana kuɓuce masa, na kuma san takardata ce ta jawo.

Sai majigi ya hasko wata zangarniya, ta cika bango. Awaisu ya ce ƙasa-ƙasa wannan farafara ce.

Alhaji Maitama ya ce, “A’a.”

Ba shi da makirufo, amma kowa ya ji.

“Wannan kaura ce. Wa ya ce maka farafara ce?”

Awaisu ba zai yi musu ba, ba zai kuma ɗora wa matarsa laifi a gaban ubanta ba. Ya ce, “Haka ne, Baba.”

“Murja ce ta haɗa maka hotunan ko? Tun tana ƙarama, in an aike ta gishiri sai ta dawo da kanwa.”

Kawuna suka ɗago. Dattijo ya kwance bakin buhunsa ya zaro zangarniya biyu ya ɗaga sama, ya ce a dubi bambancin. Nana Khadija ta yi maza ta miƙa masa makirufo na biyu. Ya juya shi ya duba, ya ce, “Awaisu, danna mana ta gaba.” Awaisu na dannawa, shi yana bayani: wannan ta jigawa ce, wannan in ka shuka ta a fadama ka yi wa tsuntsu noma, wannan tuwonta na kwana bai saki ba. Wata budurwa daga Malumfashi ta tambayi wadda ke jure yankewar ruwa, ya nuna mata, ya ce, “Ita ce wadda wani bai tambaya ba.” Awaisu ya ƙara sunkuyar da kai, aka sake fashewa da dariya.

Sannan dattijon ya juyo ya ce, “To ni tambayata ɗaya. Na sa an gwada mini abin nan a wayata, sai juyi yake kamar jaki a turke. Me ya hana shi buɗewa?”

Tambayar babba dole a amsa ta. Awaisu ya fara a hankali, amma da yake maganar sana’arsa ce sai bakinsa ya saki. Ya faɗi nauyin hotuna, da raunin sabis a ƙauye, da abubuwa uku da ya gwada suka ƙi, da irin hannun da yake nema. Idonsa na ƙasa, amma muryar tasha ta dawo.

Minti goma sha biyar suka cika dattijo na magana. Da safen nan na kaɗa wa wani malamin jami’a ƙararrawa a tsakiyar jimla, ban ji komai ba. Wannan karon na riƙe harshen ƙararrawar da yatsa na kaɗa ta, don dai a ce an kaɗa.

Hoton ƙarshe na godiya ne, kuma a al’adar taron mai jawabi ke karanta sunayen da bakinsa. Bango ya nuna: Murja, da Baba. Nana Khadija ta ce, “Wane Baba?” tana danne dariya.

Alhaji Maitama ya ce, “Ku ƙyale shi, yaro ne mai kunya. Maitama sunana, daga Mahuta. Amma in ƙa’idarku ke nan, ni ma ba ni na ƙago su ba. Ku rubuta Tsohuwa, kakata, bakwai daga hannunta suka fito. Ku rubuta Ɗanasabe na unguwar Maguzawa, shi ya ba ni jar dawa shekarar da tawa ta ƙone, bai karɓi ko ƙwaya ba.” Ya yi ta lissafowa ina rubutawa. Suna goma sha ɗaya na samu.

Kafin zaɓe na sanar, kamar yadda ya wajaba a kaina, cewa mai jawabi na bakwai ya ci minti goma sha takwas da daƙiƙa arba’in. Malamin jami’ar nan ya miƙe ya ce gaisuwa ba jawabi ba ce, a cire ta. Na duba littafi: daga yankewar maganarsa zuwa ƙarshen gaisuwa, minti uku da daƙiƙa hamsin. Saura goma sha huɗu da hamsin. Ba wanda ya ja.

Mutum ɗari da huɗu ne a zaure. Sittin da ɗaya suka ɗaga wa Rumbun Iri hannu. Na ƙirga sau biyu.

Ranar Lahadi dattijon ya dawo da buhu biyu. Wasu suka ɗauki hotuna sababbi, wasu suka rage musu nauyi, wasu suka gyara cikin shafin, ni kuma aka ba ni shigar da sunayen nan goma sha ɗaya. Ana kiran la’asar aka gwada a wayar Alhaji Maitama. Daƙiƙa shida, kaura ta fito, da sunanta daidai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a aika wa Murja ta gani.

Abu ɗaya ne gayya ba ta gyara ba. Da aka raba shinkafa da rana, na nemi Awaisu in ba shi takardar shaidar jawabi, ban gan shi ba. A bayan janareta na same shi tsugune da farantinsa, cikin ƙara da hayaƙi.

Ya ce, “Malam Lawal, Baba ya gama ci?”

Na ce tukuna, yanzu ma Baban ya ƙara neman miya.

Ya gyara zama ya ce, “To baɗi, in za ka aika takarda, ka fara biyowa ta rumfa.” Na rubuta hakan a bangon fayil na bakwai.